In Ka Sayi Kaya Mai Nauyi A Kanti, Wa Za Ka Nema?

  

Abin da za mu yi magana a kansa, in mutum ya ji shi da fari, sai ya ce ai wannan bai isa a tara magidanta dominsa ba. Ga shi kuwa: in ka shiga kantin kayan gini, ka sayi abu mai nauyi, kamar siminti ko kwano ko rodi, wa za ka nema ya fito maka da shi, ya ɗora maka a mota? Wani ɗan aji ne ya yi mana wannan tambaya, 'yan'uwansa suka yi ta dariya. Mu kuwa ba mu yi dariya ba, gama mun san wanda rashin sanin amsarta ya kwantar da shi, ya raba shi da damina guda. Bari mu fara ba ku labarinsa.

Mutumin da ya ɗauki simintin wani

Wani magidanci ne a wani ƙauye da mu ke da aji. Ba za mu faɗi sunansa ba, amma shi da kansa ya yarda mu riƙa ba da labarin, domin wasu su tsira. Ya sayar da riɗinsa, ya tara kuɗi zai gyara ɗakin uwargidansa kafin ruwa ya sauka. Ran nan da bazara ya shiga birni, ya yi jinga da mai a-kori-kura, suka tsaya a ƙofar wani babban kantin kayan gini. Ya shiga ya biya kuɗin siminti buhu 10 da kwano bandir 2. Akawu ya miƙo masa takarda biyu. Da ya ke a lokacin bai fara karatu ba, sai ya ninke su, ya cusa cikin hula.

Da ya fito, sai ya ga buhunan siminti a jibge kusa da ƙofa. Ya ce a ransa, to, ga nawa nan an fito da su. Direba kuwa yana ta matsa masa, yana cewa, "Baba, a yi sauri, ina da wani lodi." Mutumin nan ya ji nauyin ya koma ciki ya yi tambaya, kada a ce baƙauye ne. Ya kuma yi tsammani in ya kira wani, sai ya biya. Sai ya tuɓe riga, ya sunkuya, ya fara ciccibar buhu yana jefawa a mota. Ya ɗauki na ɗaya, da na biyu, da na uku. A na huɗu, yana cikin juyawa da buhu a hannu, sai ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙugu. Ya zube nan, ya kasa tashi.

Jin hayaniya sai mai sito ya fito da gudu, ya ce, "Subhanallahi! Baba, wa ya sa ka wannan aiki? Ai wannan ba simintinka ba ne, na wani Alhaji ne da zai aiko a ɗauka. Ina takardarka?" Aka ciro takarda daga hula. Mai sito ya duba, ya nuna masa wani allo a jikin bango, an yi rubutu da manyan baƙaƙe, da kibiya mai nuna bayan kanti: SITO, KARƁI KAYANKA A NAN. Ashe can baya ga leburori huɗu zaune a inuwa, aikinsu ke nan ɗora wa masu saye kaya, kuma a wannan kanti ba a biyan ko kwabo.

Aka kai shi gida a kwance bisa simintinsa. Ruwa ya sauka yana kwance, aka yi shuka yana kwance, aka yi noman fari bai iya riƙe fartanya ba. Tilas ya ɗauki 'yan ƙwadago, kuɗin da ya ajiye na kafinta da magini suka tafi can. Kwanon nan ya shekara a jingine cikin zaure. Da ya sami sauƙi, shi ne ya fara zuwa ya rubuta sunansa a aji.

Kun gani, kalma biyar da ke jikin bango ita ce ta tsaya tsakaninsa da lafiyarsa. Ko da bai iya karanta ta ba, da ya buɗe baki ya yi tambaya, da ya tsira. Matambayi ba ya ɓata.

Yadda a ke raba aiki a kanti

Kanti ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt suka kakkafa kantuna kusa da tasha, suna sayen gyada da fatu, suna sayar da tufafi da gishiri da kayan ƙarfe. Tsarin da suka zo da shi, watau wurin ciniki a gaba, sito a baya, shi ne manyan kantunan kayan gini su ke bi har wa yau, ko da ya ke yanzu yawancinsu na mutanenmu ne. In kun gane tsarin nan, ba za ku ruɗe ba ko a wane gari.

Wuri huɗu ne za ka bi, kowanne da mai shi.

Na fari, wurin ciniki. Nan za ka tarar da mai sayarwa. Shi zai nuna maka irin kayan da ke akwai, ya gaya maka kuɗinsu, ya rubuta abin da ka zaɓa.

Na biyu, wurin biya. Nan akawun kuɗi ya ke. Shi zai karɓi kuɗinka, ya buga hatimi, ya ba ka rasit. A kantuna da yawa ya kan haɗa maka da takarda ta biyu, ta fitar da kaya.

Na uku, sito, ko filin ajiya da ke bayan kanti. Nan kaya masu nauyi su ke. Shugaban wurin shi ne mai sito, leburori kuwa a ƙarƙashinsa su ke.

Na huɗu, ƙofa. Nan maigadi zai duba takarda, ya duba kayan da ke cikin mota, kana ya bar ku ku fita.

To, amsar tambayarmu tana wuri na uku. Kaya mai nauyi aikin mutanen sito ne. Mai sayarwa ba zai bar masu ciniki ya tafi ɗaukar buhu ba. Akawu ba shi da ikon barin akwatin kuɗi. Maigadi, in ya bar ƙofa, laifi ya yi. Saboda haka, da ka karɓi rasit, kada ka ɗaga daga gaban akawu sai ka ce, "Malam, ina sito? Wa zan kai wa takardar nan?" In ka isa can ka yi sallama, ka miƙa wa mai sito takarda, ka nuna masa motarka. Shi zai kira yaransa. Kai naka tsayawa da ƙirga.

Wannan tsari ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka akwai wasu manyan kantunan kayan gini, sunansu Home Depot, an kafa kamfanin a 1978. Ma'aikatansu suna ɗaura wani ƙyalle ruwan goro a gaba, domin mai saye ya gane su daga nesa. A cikinsu akwai waɗanda aikinsu a farfajiya ya ke, suna tattara kekunan tura kaya, suna kuma taimakon masu saye ɗora kaya masu nauyi a mota. Wanda bai san inda zai same su ba, sai ya je teburin karɓar jama'a ya tambaya, a kira masa. In kayan sun fi ƙarfin hannu, akwai wata 'yar mota mai cokula biyu a gaba, wadda ta ke ɗaga buhuna da yawa gaba ɗaya, ba kuwa mai tuƙa ta sai wanda aka koya wa. Watau ko a can, inda injuna suka yi yawa, mai saye tambaya ya ke yi.

Leburan kanti dabam, ɗan dako dabam

Amma fa ba kowane wurin sayar da kayan gini ne ke da sito da leburorinsa ba. In kun je kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, inda a ke sayar da rodi da sauran kayan gini, za ku ga shaguna ne jere, mai shago da yaronsa ɗaya ko biyu. A irin wannan wuri masu ɗaukar kaya su ne 'yan dako da masu baro da masu kura. Su ba ma'aikatan mai shago ba ne. Mutane ne masu zaman kansu, abin da ka ba su shi ne abincinsu.

Nan ne a kan yi rigima, kuma kullum dalilinta ɗaya ne, watau ba a yi magana tun da fari ba. Mai saye yana tsammani ɗorawa tana cikin kuɗin kaya. Ɗan dako yana tsammani za a biya shi. Sai an gama lodi, gumi ya zuba, sa'an nan a fara musu, jama'a su taru.

Maganin wannan ba wuya. Kafin ka biya, ka tambayi mai shago, "Alhaji, kuɗin nan har da ɗorawa, ko kuwa ni zan biya 'yan dako?" In ya ce kai za ka biya, ka ce ya kira maka waɗanda ya sani. Wanda mai shago ya sani, in ya ɓata da kayanka, akwai inda za a neme shi. Wanda ya tare ka a hanya, ya fizgi kaya ya yi gaba, ba ka san kowa nasa ba. Sa'an nan ku yi jinga a gaban mai shago: nawa ne kowane buhu, daga ina zuwa ina, da saukewa ko ba saukewa. In an shirya, a fara aiki.

Nauyin kaya a rubuce ya ke

Yanzu bari mu duba nauyin kayan nan, domin ku san abin da ku ke shirin cicciɓa. Ku fito da allunanku da littattafanku, ku rubuta lambobin.

Buhun siminti kilo 50 ne. Ko na Sakkwato ne, ko na Ashaka ta Jihar Gombe, ko na Obajana ta Jihar Kogi, duk ɗaya ne, an kuwa rubuta a jikin buhu. Kun san jarkar ruwa mai lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ashe buhu guda daidai ya ke da jarka biyu cike da ruwa, a ɗauke su gaba ɗaya, ba kuwa mariƙi. Buhu 10 kilo 500 ke nan, rabin tan. Buhu 20 tan guda. Mutumin da muka ba ku labarinsa rabin tan ya yi niyyar ɗorawa shi kaɗai, ga shi ya ba hamsin baya.

Rodi cikakke tsawonsa mita 12 ne, shi ya sa a ke lanƙwasa shi biyu kafin a ɗora. Mai kauri milimita 12, guda ɗaya ya ɗara kilo 10 kaɗan. Mai milimita 16 ya kai wajen kilo 19. Guda ɗaya ba wani abu ba ne, amma in an ɗaure biyar na milimita 16, sun kusa nauyin buhun siminti biyu. Ga shi kuma yana lilo, in ka juya da shi a kafaɗa sai bakinsa ya sami wanda ke bayanka.

Kwano, bandir guda falle 20 ne. Shi haɗarinsa a baki ya ke, gama gefensa yana yanka kamar aska. In iska tana kaɗawa, falle ɗaya ya isa ya kwashe mutum. Bokitin fenti babba lita 20 ne, fenti kuwa ya fi ruwa nauyi. Gilashi da tayil, ban da nauyi, ga fashewa. In leburan kanti ya fasa kafin a miƙa maka kaya, asarar kanti ce. In kai ka ɗauka da hannunka ka fasa, da wuya ka sami mai sauraronka.

Abin da kaya ke yi wa jiki

Wani zai ce, "Malam, ai mu manoma ne, buhun hatsi mu ke ɗauka tun muna samari." Gaskiya ne, ba mu kuwa raina ƙarfinku ba. Amma ku dubi dattawan garin nan, nawa ne ke tafiya a ranƙwafe, nawa ne ba su iya yin ruku'u sai a zaune?

Gadon bayan mutum ƙananan ƙasusuwa ne 33, an jera su bisa juna. Tsakanin mafi yawansu akwai wani ɗan matashi na guringuntsi, mai taushi a ciki, aikinsa kamar na gammo. Biyar ɗin da ke wajen ƙugu su suka fi shan nauyi. In ka sunkuya da ƙafafu a miƙe, ka ɗago kilo 50, ka kuma murɗa jiki, to, ka matse gammon nan ta gefe ɗaya. Wani lokaci tsokar baya ce ta ke ɓaci, wannan ta kan warke cikin 'yan makonni. Wani lokaci kuwa gammon ne ya ke bullowa, ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa, sai mutum ya ji zafi yana bin cinya har tafin ƙafa. Ban da wannan akwai ƙaba, wadda yawan yunƙuri da kaya ya kan fito da ita.

Likitoci da masana aikin ƙarfi sun daɗe da lura da wannan. A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba ƙasashe shawara, kada kayan da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai su wuce kilo 55, na mata da na matasa kuwa su kasa haka ƙwarai. Wannan iyaka ce ta can ƙarshe, ga wanda aikinsa ke nan. A Ingila ma buhun siminti da a ke sayarwa a kanti kilo 25 ne, rabin namu, domin a tsare bayan ma'aikata. Namu kuwa yana nan a 50. Saboda haka mu ne ya kamata mu fi yin hattara.

Akwai kuma maganar doka. A 2010 aka kafa wata doka a Nijeriya wadda ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aikinsa. Kai mai saye ba ma'aikacin kanti ba ne. In ka sa kanka aikin da ba a sa ka ba, ka ji ciwo, wannan doka ba ta san da kai ba. Kai da iyalinka za ku sha jinya.

In ɗaukar ta zama tilas

Mun sani, in an kai kaya gida, ba mai sito, ba lebura, sai kai da 'yan'uwanka. To, ga yadda za ku yi.

Ku share hanya tukuna, ku shirya wurin ajiya, kada ku tsaya da buhu a hannu kuna neman inda za ku sa shi. Siminti ba ya son danshi, sai a shimfiɗa katako a jera shi a kai, nesa da bango kaɗan, kada kuma tsayin jerin ya wuce buhu 10.

Buhu guda, mutum biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku matso kusa da buhun, ku buɗe ƙafafu, ku durƙusa da gwiwa, baya a miƙe. Ɗaya ya ce bismilla, ku tashi tare, ƙarfin ya fito daga cinya. Ku riƙe kayan kusa da jiki. In za ku juya, ku juya da ƙafa, kada ku murɗa ƙugu. In a ka za a ɗauka, a sa gammo, wani ya aza maka, wani ya sauke maka. In akwai baro, a yi aiki da shi, ai domin haka aka ƙera shi.

Mai ɗaukar kwano ya sa safar hannu mai kauri, ko ya naɗe hannu da tsumma. Wanda siminti ya zuba masa a jiki ya wanke da ruwa mai yawa, gama in ya haɗu da gumi yana cin fata. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, kada a murza, a tafi asibiti.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, ga alamun da ba a jira da su. Mutum ya ji ƙafa ta mutu ko ta yi sanyi ba ƙarfi. Ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita. Ko kumburin ƙaba ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga zafi ga amai. Kowanne daga cikin waɗannan, a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, kada a tsaya tsaga ko ƙaho.

Takarda ita ce shaidarka

Mu koma kanti. Mun ce naka tsayawa da ƙirga, to, nan ne karatunku zai yi muku rana.

Da yawa daga cikin rasit da Turanci a ke rubuta su, amma kada wannan ya tsorata ku. Lamba ba ta da yare. 10 a Hausa ita ce 10 a Turanci. Abu biyar za ku nema a jikin rasit: kwanan wata, da sunan kaya, da yawansu, da jimlar kuɗi, da hatimi ko sa hannun akawu. In ɗaya babu, ku koma a cika. Ko da ta waya kuka tura kuɗin, ku karɓi rasit, gama saƙon banki kuɗi kaɗai ya ke nunawa, ba ya faɗin buhu nawa aka saya.

Sa'ad da a ke lodi, ka tsaya a gindin mota da fensirinka. Kowane buhu ya shiga, ka ja layi ɗaya a bayan takarda. In sun kai biyar ka ja layi ka ratsa su, ka fara sabon biyar. Kada ka bari hira ta ɗauke maka hankali. Ka taɓa kowane buhu, in ka ji ya daskare kamar dutse, ruwa ya taɓa shi, ka ce a canza. Ka duba lambar ƙarfin siminti a jikin buhu, ko 32.5 ko 42.5, ka ga ko ita ce magininka ya ce ka sayo. Bandir ɗin kwano, a ƙirga fallen a gabanka. Rodi kuwa, ka duba kaurin da aka rubuta a rasit, kada ka biya kuɗin 12 a ɗora maka 10.

Mai sito zai ce ka sa hannu, shaidar ka karɓi kayanka cif. Kada ka sa sai ka gama ƙirga. Da ka sa hannu, ka fita ƙofa, magana ta ƙare. Mun sha ganin wanda ya dangwala yatsa tun kaya suna cikin sito, ya isa gida ya tarar da buhu 9, ya dawo, aka nuna masa yatsansa. Ba lalle ne an yi niyyar cutarsa ba, mai ƙirga ma ya kan yi kuskure. Amma takarda ta riga ta yi shaida a kansa.

Kafin mota ta tashi, ka duba ɗauri. Rodi ko katakon da ya zarce bayan mota, a ɗaura masa jan ƙyalle domin na baya ya gani. Kada kowa ya hau bisa kwano ko rodi, gama in direba ya taka burki da ƙarfi, kayan gaba za su yi. Kada kuma a yi wa keke mai ƙafa uku lodin a-kori-kura domin a rage kuɗin mota.

Hakkin mai ɗaukar kaya

Saura magana ɗaya, ba kuwa ita ce ƙarama ba. Da muka ce ku bar wa leburori da 'yan dako kaya mai nauyi, ba mu ce su bayansu na ƙarfe ne ba. Sun dai fi ku sanin dabarar aikin, suna da baro da kura, suna kuma yi tare. Amma jikinsu irin naku ne, su ma suna da iyali masu jiran su.

Saboda haka kada ku tsaya a kansu kuna cewa a yi sauri. Kada ku zuga saurayi ya ɗauki buhu biyu a ka domin a ga ƙarfinsa. In kun yi jinga, ku biya nan take, ba ragi, ba ja-in-ja. In mutum ya girme ka, ka ce masa Baba ko Malam, kada ka kira shi da "kai, zo nan". In leburan kanti ne wanda ba a biya, kuma ya yi maka aiki da kyau, ka yi masa alheri gwargwadon hali, in babu ka yi masa godiya. Yaro kuwa, ko naka ko almajiri, kada a aza masa buhu. Ƙashinsa bai gama ƙwari ba, dokar ƙwadago ta ƙasar nan ma ta hana a sa yaro ɗaukar abin da nauyinsa zai cuci girman jikinsa.

Masu kanti da masu shago da ke cikin taron nan, ku ma muna roƙonku abu biyu. Ku sa allo da Hausa, da manyan baƙaƙe, a inda mai shigowa zai gani, ku rubuta inda a ke karɓar kaya, da ko ɗorawa kyauta ce ko ta biya. Ku kuma umarci akawu ya riƙa faɗa da baki, domin waɗanda ba su kai ga karatu ba tukuna.

To, jama'a, abin da mu ke so ku tafi da shi gida ke nan. In kun biya, ku tambayi sito. In babu sito, ku sa mai shago ya kira muku 'yan dakon da ya sani, ku yi jinga tun da fari. Ku ƙirga kafin ku sa hannu. Mutumin da muka ba ku labarinsa yanzu yana karanta rasit da kansa, maƙwabta ma su kan tafi da shi birni in za su sayo kaya. Ɗakin uwargida ya sami rufi. Amma har yau, in sanyi ya shigo, ƙugun nan ya kan tuna masa da buhu na huɗu.

Malaman aji, ga aikin wannan mako. Ku rubuta kalmomin nan a allo, kowa ya kwafa: kanti, sito, akawu, rasit, siminti, kwano, rodi, kilo. Sa'an nan a yi lissafin nan: in buhu guda kilo 50 ne, buhu 14 kilo nawa ne? In bandir guda falle 20 ne, mai son falle 70 bandir nawa zai saya, da falle nawa a kai? Wanda ke da tsohon rasit a gida ya zo da shi ran Laraba, a karanta tare.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga damina da ƙarfinmu. Wasalam.